Mil Goma Daga Giris: Iyakar Bagudo da Gadon Tsaron da Muka Karɓa

A ranar 14 ga Yuni, 1898, wakilan Ingila da na Faransa suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Faris. A cikinta akwai wata magana gajeriya da ta shafe mu kai tsaye: iyakar da ta taso daga kudu za ta faɗa Kogin Kwara a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Babu ɗan Giris ko ɗan Illo a zauren da aka yanke maganar. Duk da haka, wannan layi ne ya sa mutumin Lafagu, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yake ɗan Nijeriya a yau, ɗan gwaggonsa da ke ƙauyen gaba kuma ɗan Jamhuriyar Benin.

Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, rigimar wannan iyaka ce ta haifi rundunar da sojan Nijeriya na zamani ya tsiro daga jikinta, amma aikin da aka ɗora mata a nan tun ranar farko gadin tuta ne. Tsaron rayukan mazauna bakin iyaka bai shiga lissafi ba. Mun karɓi wannan gado a 1960 ba mu sake masa fasali ba, yanzu kuma yaƙin da ya taso daga Sahel ya zo yana neman mu biya bashin.

Kafin a ja layi

Ƙasar da ke tsallaken Kwara, inda Lafagu da Illo da Lolo da Tsamiya da Kaoje suke, gefen arewa ne na tsohuwar ƙasar Borgu. Tarihin baka na Borgu yana cewa 'yan'uwa uku daga zuriyar Kisra ne suka kafa manyan sarautunta, wato Bussa da Nikki da Illo. Biyu suna Nijeriya a yau, Nikki kuwa tana Benin. A wannan yanki Kyangawa da Busawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suka daɗe suna cuɗanya, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya.

A wancan zamani iyaka faɗin daji ce tsakanin ikon wannan sarki da na wancan, tana matsawa gaba ko baya gwargwadon ƙarfin dawakin kowa. Tsaro kuwa a jikin gari yake: ganuwa, da gwalalo, da sarƙaƙiyar ƙaya, da maharba masu kibiya mai dafi, da mahaya dawaki na gidan sarauta da ake kira Wasangari. Da irin wannan shiri Borgu ta tsaya wa maƙwabtanta. Ko bayan jihadin 1804, da ikon Gwandu ya ƙetare kogi har Kaoje ta zama mazaunin Fulani masu biyayya gare ta, tsakiyar Borgu ba ta shiga hannu ba.

Daular Sakkwato ita ma tana da nata tsarin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gane cewa runduna mai zuwa ta koma ba ta riƙe gefen ƙasa, don haka ya kafa ribaɗi, kamar Wurno inda shi kansa ya zauna. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake dasawa a bakin daga, a zaunar da manoma da makiyaya da masu sana'a da malamai a cikinsa. Mai gadin ribaɗi gonarsa yake karewa, iyalinsa kuma suna bayansa.

Fatake ma sun san farashin tsaro. Ayarin goro da ya taso daga Kano ko Sakkwato kan biyo ta Jega, ya haye Kwara a wajen Illo, ya nufi Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. A kowane zango madugu zai biya fito, ya kai wa sarki gaisuwa, shi kuma sarki ya lamunce masa hanya. Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Ana kama bayi, 'ya'yan sarakunan Borgu kuma sun yi suna wajen tare ayari. Amma ƙa'ida ɗaya a fili take ga kowa: wanda ya karɓi kuɗinka, alhakin ranka yana wuyansa, kuma ka san ƙofar gidansa.

Tseren Nikki da haihuwar runduna

A 1890 Ingila da Faransa sun ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi, amma ba su fayyace makomar ƙasar da ke yammacin kogin ba. Faransa na son ta sami gaɓar Kwara a ƙasa da duwatsun ruwan Bussa, domin daga nan ne jirgi ke iya sauka har teku. Kamfanin Neja na George Goldie kuwa yana son kogin ya zama nasa shi kaɗai. Da aka ji cewa Nikki ce babbar sarautar Borgu, sai kowane ɓangare ya tura ɗan aike da takardar yarjejeniya. Kyaftin Lugga ya riga isa, ya sami sa hannu a ranar 10 ga Nuwamba, 1894, ko da yake bai ga sarkin ido da ido ba. Kwana 16 bayan haka Bafaranshe Decoeur ya iso da tasa takardar, shi ma aka sa masa hannu. A kan hanyarsa ta komawa mayaƙan Borgu suka harbi Lugga da kibiya a ka, ya sha da ƙyar.

Takarda ba ta raba gardama ba. A 1897 Faransawa suka sauya dabara, suka girke sojoji a garuruwan Borgu, har da Illo da Bussa. Sakataren harkokin mulkin mallaka na Ingila, Joseph Chamberlain, ya ga 'yan sandan kamfani ba za su iya ba, sai ya umarci Lugga ya kafa sabuwar runduna da kuɗin gwamnati. Ita ce Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF, sunan da har yanzu mutanen Kaduna ke kiran wani babban titinsu da shi. Ta fara da bataliya biyu, kimanin mutum 2,000, galibinsu Hausawa da Yarbawa, hafsoshinsu Turawa. Sojan Nijeriya yakan kai asalinsa ga Hausawa 18 da Glover ya ɗauka a Ikko a 1863, amma gangar jikin rundunar, da bataliyoyinta da tsarinta, daga WAFF ta fito.

A farkon 1898 mataimakin Lugga, Kanar Willcocks, ya shiga Borgu da umarni mai ban mamaki: duk inda Faransawa suka kafa tuta, ya kafa tasa a kusa, kada kuma ya fara harbi. Haka aka yi ta zama, sojan Bahaushe yana kallon sojan Sanagal a bakin gari ɗaya, bindigogi a ɗane, garin kuma shi ke ciyar da su duka. A Faris kuwa Illo na cikin batutuwa na ƙarshe da suka tsaya wa masu shawarwari a wuya. Daga ƙarshe Ingila ta riƙe Illo da Bussa, ta bar wa Faransa Nikki, ta ƙara mata da Buna da ke ƙasar Kwaddibuwa a yau. Garin da ke da sarki da ganuwa da tarihi aka yi musayarsa kamar goro a faifai.

A nan nake so mai karatu ya lura da kyau. Sojan farko da ya tsaya a wannan iyaka da sunan gwamnati an aiko shi ne ya tabbatar wa wata gwamnati cewa wurin yana da mai shi. Da ɗaya gwamnatin ta amince, aikinsa ya ƙare.

Layin ya zama mafaka

Da aka kashe wutar Borgu, rundunar ta juya bakin bindigarta ciki. Ta ci Bida da Kwantagora a 1901, Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin shekarar, ta rushe Satiru a 1906. Daga nan aka kai ta Kamaru da Afirka ta Gabas a yaƙin duniya na farko, aka kai ta Habasha da Bama a na biyu. Runduna mai ɗauke da sunan iyaka ta yi yaƙi a ko'ina, iyakar da ta haife ta kuwa aka bar wa turaku da 'yan sandan gargajiya.

Turawa sun kuma yanke ƙasar Illo daga Bussa suka haɗa ta da Gwandu, abin da ya ƙara wa mutanen Bussa ɓacin rai. Da aka tuɓe sarkinsu aka ɗora musu baƙi, sai suka yi bore a 1915 ƙarƙashin Sabukki. A tsallake, ɗaukar soja na tilas da aikin dole na Faransawa suka tayar da boren Biyo Gera a 1916, wanda ya ƙare da kashe shi a watan Disamba na shekarar.

A waɗannan shekaru ne talakawa suka gano wani amfani da masu zana layin ba su yi nufi ba. Wanda Bafaranshe ya biyo don aikin dole, in ya tsallaka gefen Ingilishi, mai binsa dole ya ja birki. Wanda haraji ya kora daga nan shi ma yakan yi can. Gidaje da ƙauyuka sukutum sun yi ƙaura ta wannan hanya. Layin da ba ya hana mai ƙafa wucewa, amma yake hana mai kaki bin sawu, ya zama garkuwar marar ƙarfi. Wannan hali na iyakar bai canza ba har yau. Abin da ya canza shi ne wanda ke fakewa da ita.

Bayan 'yanci: iyakar shinkafa da fetur

Dahome ta sami 'yanci a ranar 1 ga Agusta, 1960, Nijeriya a ranar 1 ga Oktoba. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada. Nijeriya da Benin ba su taɓa gwabza yaƙi ba, wannan kuwa alheri ne. Sai dai zaman lafiyar gwamnatoci ya sa aka ɗauki layin mai tsawon kusan kilomita 800 a matsayin maganar kuɗin shiga kawai. Manyan barikoki suna Sakkwato da Birnin Kebbi da Zuru, bakin iyaka kuma aka miƙa wa kwastan da jami'an shige da fice.

Duk lokacin da gwamnatin tarayya ta tuna da wannan iyaka, da makulli take zuwa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986. An rufe ta na ɗan lokaci a 2003 saboda 'yan fashi masu tsallakowa. An sake rufe ta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020 domin fasa-ƙwaurin shinkafa, a Nuwamban 2019 kuma aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga mai ofis a Abuja wannan lissafi ne na tattalin arziki. Ga manomin fadamar Lolo mai ban ruwa da inji, ko mai baburin haya tsakanin Tsamiya da Segbana, hukunci ne a kan laifin zama inda kakanninsa suka zauna.

Ba ina kare fasa-ƙwauri ba ne. Yana cutar da manomin shinkafar Kebbi kansa, kuma ta hanyoyinsa makamai ke bi. Abin da nake nunawa shi ne irin darasin da ɗan bakin iyaka ya koya a cikin shekara 60. Ya saba ganin mai kaki a shinge yana tambayar abin da ke cikin buhu. Bai saba ganinsa da tsakar dare ba, lokacin da ake kora shanu. Tsohuwar ƙa'idar madugu da sarki ta karye: ana karɓa, ba a lamunce hanya.

Yaƙin babura

Rushewar Libiya a 2011 da faɗuwar arewacin Mali a 2012 sun saki makamai da mayaƙa a faɗin Sahel. Wutar ta ci Barkina Faso, ta gangaro gandun dajin W, wanda Nijar da Barkina da Benin suka yi tarayya a kansa, kuma gefensa na Benin yana jihar Alibori, maƙwabciyar Bagudo. A 2022 Benin ta ƙaddamar da farmakin Mirador da sojoji kimanin 3,000. A ranar 8 ga Janairu, 2025, mayaƙan ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida suka kashe mata sojoji 28 a inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu. A ranar 17 ga Afrilu suka kashe 54, bisa ƙidayar gwamnatin Benin kanta.

Wannan yaƙi ba shi da fagen daga. Kayan aikinsa babur ne mai jure rairayi, da bindiga mai sarrafa kanta, da wayar salula, da nakiyar da ake binnewa a hanya, da jarkar fetur da aka saya a kasuwar ƙauye. Mayaƙinsa ba ya neman kama hedikwatar jiha. Daji yake so ya kwana, da kasuwa ya yi sayayya, da ƙauye mai tsoro da zai yi shiru. Mafi girman makaminsa kuwa shi ne layin 1898: ya kai hari nan, ya kwana can, sojan da ya biyo shi ya tsaya a bakin turke yana jiran izini daga babban birni.

Ta arewa kuma ga Lakurawa. Labarinsu ya isa wa'azi. Wasu al'ummomin Tangaza da Gudu a Jihar Sakkwato, da ɓarayin shanu suka ishe su kuma ba su ga agaji ba, su suka fara karɓar waɗannan baƙi masu makamai a matsayin masu kariya. Ana gudun gara, aka faɗa gidan zago. Masu kariya suka koma masu karɓar zakka da ƙarfin bindiga, suna yanke hukunci, suna kora dabbobi. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, da tsamin dangantakar da ya biyo baya, sun raunana sintirin haɗin gwiwa, aka sami tsagewar bangon da ƙadangare ke nema. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta sanar da su ga duniya, a watan ne kuma suka kashe mutum 15 a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie, mutanen da suka bi sawun shanunsu. A Janairun 2025 babbar kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda.

Bagudo tana tsakanin waɗannan wutace biyu, ga kuma dajin Kainji a kudu inda wasu masu makamai suka yi sansani. A ƙarshen Oktoban 2025 'yan bindiga suka ɗauke mataimakin shugaban majalisar dokokin Kebbi a cikin garin Bagudo. A Nuwamba aka kai wa jami'an kwastan da na shige da fice hari a shingayensu na yankin, aka rasa rayuka. Waɗannan jami'ai 'ya'yan talakawa ne da aka horar don duba takarda da kaya, aka bar su a bakin daga. Shingen da aka gina don buhun shinkafa ba zai tare mai bindiga ba.

Abin da tarihin ke nunawa

A Yunin 2025 babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya kawo shawarar a katange iyakokin ƙasar. Na fahimci damuwar da ta haifi shawarar, amma ina ganin waya za ta maimaita kuskuren Faris ne da ƙarfe. Za ta raba mai gona da gonarsa, ta raba makiyayi da mashaya, mai almakashi kuma ya yanke ta cikin dare ɗaya idan ƙauyen da ke kusa ba shi da dalilin yin ihu. Jirgi marar matuƙi yana ganin babura goma a daji. Ba ya sanin ko 'yan biki ne ko mahara. Wanda ya sani shi ne mai sayar da fetur, da maharbi, da ardo, da matar da ta ga baƙin fuska a bakin rijiya. Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma akan tsare shi.

Saboda haka abu uku nake ganin tarihin wannan wuri ya wajabta. Na farko, soja ya zauna a tsallaken kogi zama na dindindin, kusa da garuruwa irin su Lafagu da Tsamiya, kada agaji ya dogara ga motar da za ta taso daga nesa ta haye gadar Tuga. Zaman kuma ya zo da abin da ribaɗi ke zuwa da shi, a sigar zamani: hanya, da asibiti, da makaranta, da layin waya mai aiki. Na biyu, a ɗauki 'ya'yan yankin aikin soja da na leƙen asiri, masu jin Kyanganci da Busanci da Dandanci da Fulatanci, a kuma raba aikin kamun kaya da aikin tsaron rai, domin mutum ba ya kai rahoto ga wanda ya ƙwace masa jarka jiya. Na uku, a ƙulla da Benin yarjejeniyar sintiri tare da bin sawu, wadda kwamandan da ke fili zai iya aiki da ita ba jira. Zumuncin da za a gina ta a kai yana nan: har yau bikin Gani na Nikki yana tara sarakuna da jama'ar Borgu daga ɓangarorin biyu.

Kada a ce ba zai yiwu ba. A ranar 7 ga Disamba, 2025, da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Patrice Talon, Benin ta nemi taimako, jiragen yaƙin Nijeriya kuma suka isa Kwatano a ranar. An nuna cewa idan kujerar mulki ce ke cikin haɗari, ƙasashen biyu sun san yadda ake ɗage layin cikin sa'o'i. Tambayar da ta rage ita ce ko ran manomin bakin iyaka ya kai a yi masa irin wannan hanzari.

Ana yawan auna ƙarfin soja da yawan jirage da girman kasafi. Ni a ganina ma'aunin yana can gefen ƙasa, inda hanyar mota ta ƙare. Ranar da makiyayin Kaoje zai kwana a rugarsa ba tare da ya biya wani mai bindiga zakka ba, ranar da mutumin Lafagu zai ga baƙin babura ya ɗauki waya ya kira, ya kuma tabbata za a zo kafin gari ya waye, a ranar ce rundunar da aka haifa don gadin tuta za ta cika sunan da aka raɗa mata tun 1897.